Allo, Rajista da Kwanon Abinci: Yadda Kula da Lafiyar Yara Ta Shigo Zangunanmu ta Ƙofar Makaranta

Duk wanda ya bi hanyar Tamale zuwa Bolga da hantsi, ya ratsa Walewale a ranar karatu, zai iya cin karo da abin da idonmu ya saba da shi har mun daina ganinsa: mata biyu ko uku a inuwar darbejiya bayan ajujuwa, manyan tukwane bisa murhu, yara sun ja layi kowa da kwanonsa. Abin da ke cikin tukunyar ma sau da yawa sunansa namu ne. Wake da shinkafar da duk Gana ke kira waakye daga bakin kakanninmu kalmar ta fito, haka koko da ƙosai da ake sayarwa a bakin ƙofa, haka tuwon zafi. Amma shekaru masu yawa sun shuɗe jikokin waɗanda suka raɗa wa abincin suna ba sa cikin wannan layi. Yadda suka shiga, da dalilin da ya sa wasu har yau suke waje, shi muke son mu bi diddiginsa.

Ciyar da ɗalibi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun zamanin da ayarin fatake ke tasowa daga Kano da Katsina da Kabi su nufo Gwanja neman goro, duk inda aka yada zango aka daɗe, malami na zama, allo na fitowa. Haka aka yi a Salaga, haka a Yendi, haka a Gambaga da Walewale da Bawku. A Salaga ne Alhaji Umaru ya zauna, malamin nan da aka haifa a Kano wajejen 1858, wanda yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa garin a kan idonsa, ya koma Kete-Karachi ya ci gaba da karantarwa har ya rasu a 1934. Ɗalibai daga nesa suke zuwar wa irin waɗannan malamai, kuma wanda ya karɓi ɗan wani ya karɓi cikinsa. Matar malam ta tuƙa, maƙwabta su aiko da sadakar daren Juma'a, iyaye su ba da kuɗin Laraba, yara su yi noma a gonar malam da damina. In zazzaɓi ya kama yaro a yi masa rubutu ya sha, a dafa masa saiwa, in ta kama a kira wanzami.

Ya kamata mu faɗi gaskiya a kan wannan tsari, domin a wajen yabon magabata mukan wuce gona da iri. Ya riƙe amanar yaro gwargwadon abin da aka sani a lokacin, ya hana maraya kwana a titi. Sai dai ƙazuwa da makero da ƙwarƙwata sun zama abokan zaman almajiri har aka daina lissafa su cikin cututtuka, kuma babu wanda ya san cewa ruwan tafkin da aka wanke allo da shi aka sha yana ɗauke da abin da zai kwantar da yaro baɗi. Da annoba ta zo kuwa, malami da almajiri duk ɗaya suke. Shi kansa Alhaji Umaru ya bar waƙa a kan murar nan ta 1918 da aka kira tunkuyau, wadda ta share gidaje daga bakin teku har arewa.

A daidai waɗannan shekaru wata irin makaranta ta ɓullo a arewa. Turawan Ingila sun buɗe ta gwamnati a Tamale a 1909, ta Gambaga a 1912, Yendi da Salaga suka biyo baya a farkon shekarun 1920. Ba su da yawa, kuma ba don jama'a aka yi su ba. Ana son 'ya'yan sarakuna ne da za su zama magatakarda da tafinta, sauran mutanen arewa kuwa ana bukatar ƙarfinsu a ma'adinan zinariya da gonakin koko na kudu. Mafi yawansu na kwana ne, saboda haka a nan aka fara ganin tukunyar hukuma da duba farce da haƙora da safe. Mu kuwa a takardun Bature baƙi ne, ko da kakan mutum a zangon aka binne shi. Ba a matsa mana mu kai yara ba, mu ma ba mu nema ba. Har yau a ƙasar nan in aka ce makaranta, ko a bakin wanda ba Bahaushe ba, ta allo ake nufi. Ɗayar tana da wani suna daban, kuma iyayenmu sun ɗauke ta ƙofar fita daga addini.

Nan ne igiyar ta fara ƙullewa, ko da yake babu wanda ya lura. Hukuma ba ta iya bin yara gida gida, saboda haka in tana son ta kai musu wani abu, abinci ne ko allura ko ƙwaya, sai ta nemi inda aka tara su aka rubuta sunayensu. Rajistar aji ita ce ta zama ƙofar. Yaron da sunansa ke ciki an ƙirga shi, an yi kasafi da shi. Wanda ke zaune gaban malam da allonsa, ko da su ɗari ne a zaure ɗaya, a idon takarda babu shi.

Bayan mulkin kai gwamnatin Kwame Nkrumah ta yi dokar ilimi ta 1961 da ta mayar da karatun firamare kyauta kuma dole, ta ba 'yan arewa tallafi na musamman, har da ciyarwa a makarantun kwana na sakandare. Maƙwabtanmu da yawa ta wannan hanya suka fitar da likitoci da lauyoyinsu na farko. Wasu gidajen zango sun fara sassautowa. Sai ga umarnin korar baƙi na gwamnatin Busia a watan Nuwamban 1969, wanda ya ba duk marar takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Zanguna suka girgiza, aka sayar da gidaje a wulaƙance, aka loda iyalai a manyan motoci zuwa garuruwan da yaransu ba su taɓa gani ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Waɗanda suka rage sun koyi cewa rubuta suna da asali a littafin hukuma abu ne mai iya juyowa ya ciji mutum, kuma wannan tsoro ya daɗe bai saki dattawanmu ba. Duk mai son ya fahimci abin da ya sa uba a zango yake jan ƙafa in an ce a kawo takardar haihuwar yaro, to, ya fara daga 1969.

A halin nan kuwa abinci ya ci gaba da shiga makarantun boko na arewa ta hannun ƙungiyoyin waje. Ƙungiyar agaji ta Katolika, CRS, wadda ta fara aiki a Gana a 1958, ta yi shekaru tana kai hatsi da man girki daga Amurka ana dafa wa yara a ƙauyukan arewa. Hukumar Abinci ta Duniya kuma ta zo da dabarar ba yarinya awo ta kai gida in ta cika kwanakin zuwa aji, don uwa ta ga riba a hannu maimakon tiren talla. Waɗanda suka ga 1983, shekarar fari da gobarar daji, shekarar da Najeriya ta koro 'yan Gana kusan miliyan guda, sun san darajar wannan kwano. An yi gidajen da abin da yaro ya ci a makaranta shi ne abin da ya ci a yini. Amma sunan coci a jikin buhu ya ƙara wa wasu iyayenmu shakka, har suka gwammace yaro ya zauna da yunwarsa.

Idan aka tambaye mu shekarar da ta fi muhimmanci ga lafiyar yaran zango, ba za mu ambaci shekarar wata allura ba. Za mu ce 1987, lokacin da gwamnatin Rawlings ta kafa Sashen Ilimin Musulunci a ƙarƙashin Hukumar Ilimi ta Gana. Tun a shekarun 1970 wasu malamai a Tamale sun fara yarda a turo musu malaman gwamnati su koyar da Turanci da lissafi a makarantunsu, amma wannan sashe ne ya mayar da abin tsari. Mai makaranta ya riƙe Alƙur'ani da Larabci, gwamnati ta kawo manhaja ta biya malaman boko. Makarantun Turanci da Larabci suka yaɗu a Yendi da Salaga da Bawku da Walewale. An yi ta muhawara a masallatai, wasu na ganin an sayar da gado, kuma ba duk damuwarsu ce ta banza ba, don karatun allo ya rage zurfi a wurare da dama. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ranar da makarantar malam ta karɓi rajista, ranar ce yaranta suka zama abin ƙirgawa. Shekara biyar bayan haka, a 1992, ma'aikatun ilimi da lafiya suka haɗu suka kafa shirin kula da lafiya a makarantu da ake kira SHEP, aka ɗora wa malami guda a kowace makaranta alhakin tsabta da ruwa da bayan gida da koyar da kiwon lafiya. Da shirin ya zo, ya tarar da ƙofarmu a buɗe a karon farko.

Kurkunu ne ya fi nuna amfanin wannan. Matasan yau ba su san shi ba sai a labari, alhali iyayensu na ɗauke da tabonsa a idon sawu. Ƙwayarsa na cikin wasu ƙananan halittu da ke yawo a ruwan tafki da dam. Mutum ya sha, ta yi kusan shekara a jikinsa ba ya ji, sannan tsutsa mai tsawon da kan kai mita guda ta huda fata ta fara fitowa, yawanci a ƙafa, da zafi kamar wuta. Mai ciwon ya tsoma ƙafar a tafki don ya ji sanyi, ita kuma ta zuba 'ya'yanta, a sake sabon zagaye. Ba shi da allura, ba shi da ƙwaya, sai dai a riƙa naɗe shi a tsinke kaɗan kaɗan har makonni. Da rani, lokacin da rijiyoyi ke ƙafewa kowa ya koma tafki, aji kan rage saura rabi. A ƙidayar 1989 an sami mutum kusan 180,000 da shi a Gana, kuma ƙasar Gwanja da Dagwamba na cikin inda ya fi ƙamari. Abin mamaki, har da yankin Salaga, garin da ake yi wa kirari da yawan rijiyoyi.

Tunda magani babu, ilimi ne kawai makami, kuma yara ne suka kai shi gida. A aji aka nuna musu yadda ake tace ruwa da ƙyalle, aka rataya wa masu zuwa gona da kiwo ɗan bututun zuƙar ruwa a wuya, aka ce duk wanda ya ga mai kurkunu ya faɗa wa malami ko ɗan sa kai na ƙauye. Yarinyar da ke ɗebo ruwa ita ce ta fara gaya wa uwarta kada a zuba a randa sai an tace. Aikin bai tafi sumul ba. Rikicin 1994 da ya ƙone ƙauyuka a kewayen Bimbila da Yendi da Salaga ya kori ma'aikata ya mayar da hannun agogo baya, kuma a 2007 cutar ta sake ɓarkewa a Savelugu, har tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, wanda cibiyarsa ta tsaya kan yaƙin, ya zo da kansa ya ga yara na kuka ana ja musu tsutsa. Mutum na ƙarshe da ya kamu a ƙasar nan an same shi a ƙauyen Diare a watan Mayun 2010, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tabbatar da Gana ta rabu da kurkunu a 2015.

Amosanin ido ma kusan haka aka yi da shi, da rabon magani da koya wa yara wanke fuska, har a 2018 Gana ta zama ƙasa ta farko a Afirka kudu da Sahara da aka shaida ta kawar da shi daga matsalolin lafiyar jama'a. Yaron da ya tashi da buta da alwala bai sha wuyar gane wannan darasi ba. Sabulu ne kawai aka ƙara masa.

Ƙwayoyin tsutsar ciki da na tsargiya da malamai ke rabawa a aji sun fi gamuwa da turjiya. Labarin Kano kan iso zango kafin ya isa Akra. Da aka dakatar da allurar shan inna a can a 2003 bisa zargin tana hana haihuwa, zancen ya biyo motocin goro da kaset ɗin wa'azi ya iso mu, cutar kanta ma ta tsallako har Gana a shekarar. Tun daga nan duk farar ƙwayar da aka miƙa wa yarinya a makaranta sai an sami mai cewa a bincika. Ba mu ga laifin uban da ya yi tambaya ba, haƙƙinsa ne. Inda aka ci nasara shi ne inda aka fara zuwa wurin liman da sarkin zango kafin ranar rabo, aka yi bayani da Hausa. Akwai kuma wani abu da ma'aikata suka sani: maganin tsargiya, wanda ake auna shi da tsawon yaro a jikin sanda, yana jigata wanda ya sha shi da yunwa, ya sa shi jiri da amai. Yaro ɗaya ya faɗi a fili, gobe rabin unguwa ta hana nata. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, ƙwaya ma sai da tuwo.

Wannan ya kawo mu ga tukunyar da muka fara da ita. A ƙarshen 2005 gwamnatin Kufuor ta fara shirin ciyar da 'yan makaranta da makarantu goma kacal, ɗaya a kowace jiha ta lokacin, da taimakon ƙasar Holan. Manufar ita ce kowane yaro a nazare da firamaren gwamnati da aka zaɓa ya sami abinci mai zafi sau ɗaya a ranar karatu, a kuma sayi kayan daga manoman yankin. A wannan shekarar ce kuma aka soke kuɗin makaranta aka maye shi da tallafin kowane kai, sai ajujuwa suka cika har suka tumbatsa. Yau yaran da ke cin wannan abinci sun haura miliyan 3. Wani bincike da aka yi a gundumomi 58 tsakanin 2013 da 2016, inda aka kwatanta makarantun da ake ciyarwa da waɗanda ba a ciyarwa, ya nuna karatun yara ya ƙaru, kuma ƙaruwar ta fi yawa ga 'yan mata da 'ya'yan talakawa da yaran arewa. Makarantun Turanci da Larabci, da yake na gwamnati ne a takarda, sun cancanci shiga, da yawa kuma sun shiga.

Sai dai a duba kuɗin. Abin da ake ware wa kowane yaro a rana sidi 1 da pesuwa 20 ne a 2023, ya koma sidi 1 da pesuwa 50 a 2024, sannan sidi 2 a 2025. Duk macen da ta je kasuwar Walewale da sidi 2 ta san abin da za ta dawo da shi. A cikinsa ake son a fitar da shinkafa da wake da mai da itace da ladan masu girki, kuma kuɗin kan yi watanni bai fito ba, mai dafawa ta ci bashin 'yan kasuwa har su daina ba ta. Masu girkin sun ajiye ludayi a faɗin ƙasa a 2022 da 2023 saboda haka. In miya ta tsinke, mukan zagi matar da ke gindin murhu, alhali lissafin daga sama ya taho a karye. Sayen kaya daga manomin gida ma ya zama da wuya, don manomi ba ya iya jiran wata shida, babban ɗan kasuwa ne ke iyawa.

'Yan mata suna da nasu babin. A 2017 aka fara ba 'yan matan makarantun gaba da firamare ƙwayar ƙarin jini sau ɗaya a mako, jihar Arewa da ta Gabas ta Sama na cikin huɗun farko, a 2025 kuma gwamnati ta fara rabon audugar mata kyauta. Duka biyun sun taɓa abin da a gidajenmu kunya ke hana a faɗa, wato yarinyar da ke fashin aji kwana uku ko huɗu kowane wata har ta gaji ta bari. Amma a nan ma rajista ce ke hukunci. Ƙasar Mamprusi na cikin inda 'yan mata suka fi tafiya Kumasi da Akra ɗaukar kaya a kasuwa, sana'ar da rabin sunanta, kayayo, kalmarmu ce. Yawancinsu 'ya'yan maƙwabtanmu ne. Tamu hanyar fitar ita ce talla da auren wuri. An tanadi hanyar ba waɗanda ba sa makaranta ƙwayar a asibiti, amma yarinyar da ke ɗauke da tire tun asuba ba ta da ranar zuwa asibiti tana lafiya lau.

A Bawku abin ya fi haka nauyi. Rikicin sarautar da ya sake tashi tun ƙarshen 2021 ba namu ba ne, mu dai a tsakiya muke zaune, amma dokar hana fita ba ta tambayar ƙabila. Malamai da ma'aikatan jinya da dama sun nemi canjin wurin aiki, makarantu sun yi ta rufewa suna buɗewa. Duk ranar da aka kulle aji, an kulle tukunya da ƙwaya da bokitin wanke hannu gaba ɗaya. Mun ɗanɗani irin wannan a ko'ina lokacin korona, da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 yawancin yaran firamare ba su koma ba sai Janairun 2021.

Har yanzu a bayan zangunanmu akwai zaurukan da allo kaɗai ake karantawa, da yaran da aka kawo daga ƙauye ko daga ƙetaren iyaka aka damƙa wa malam, waɗanda ba sa cikin littafin kowa. Su matar malam ce har gobe take ciyarwa, kamar zamanin Alhaji Umaru, sai dai gonar malam ta zama filin gini, sadakar daren Juma'a kuma ta ragu. Waɗanda ke cikin rajistar ma kwanakin karatu kawai suke da rabo. A arewa damina ɗaya muke da ita, rumbu kan yi ƙasa daga Yuni, sabon hatsi ba ya shigowa sosai sai Satumba ta kama. Dogon hutun makaranta kuwa, wanda aka tsara wa ƙasa baki ɗaya daga Akra, a watan Agusta yake faɗowa, kuma a watan nan murhun bayan ajujuwa a kashe yake.